Yadda Ake Kafa Turken Tsaro A Kan Bim Na Ƙarfe

Ku dubi wannan sito da ake ɗaga ƙarafunansa a Idu, nan Abuja. Mutumin can da ke tafiya a kan bim, wato dogon ƙarfen da ke kwance tsakanin ginshiƙai, wurin da yake takawa da ƙyar ya ɗauki takalminsa. Ya sa ɗamarar tsaro, igiya na rataye a bayansa. To, ina zai maƙala ƙugiyar?

Ga amsar nan a hannun mai ɗaurin ƙarafa: gajeren turke na ƙarfe, da zobe a kansa, da faranti a gindinsa. Yadda makiyayi ba ya ɗaure bijimi a turken akuya, haka nan ba kowane ƙarfe ake kafa wannan a kai ba. Siraran ƙarafan da ake shimfiɗa kwano a kansu ba su ciki. Bim ɗin da aka zaɓa kuma sai an gama ɗaure shi ta kai biyu, injiniya ya duba ya yarda.

Hukumar OSHA, mai kula da tsaron ma'aikata a Amurka, ta ce maƙalin mutum ɗaya ya iya ɗaukar fam 5,000, wajen kilo 2,270 ke nan, sai dai in ƙwararre ne ya tsara shi ya ɗauki ninki biyu na fizgar da ake tsammani. Za ku ce me ya haɗa mai kilo 80 da tan biyu? Fizga ce. Wanda ya faɗo igiya ta tsayar da shi farat ɗaya, nauyinsa ninkuwa yake yi. Ga kuma abin da aka fi mantawa: fizgar a kan turken take sauka, sai tsayinsa ya zama kamar sandar ɓamɓare dutse, yana neman murɗe gindin da bim ɗin tare.

Yanzu ku lura da hannun mai ɗaurin. Ya goge saman bim, domin ƙurar hunturu da maiƙo suna sa faranti ya zame. Ya auna faɗin leɓen bim, wato shimfiɗaɗɗen samansa, da kaurinsa, ya gwada da abin da kamfanin da ya ƙera turken ya rubuta. Ya zaunar da farantin a tsakiya, muƙamuƙai biyu da ke jikin farantin sun kama ƙarƙashin leɓe dama da hagu. Noti kuwa kaɗan-kaɗan yake ja, nan, sannan na kishiyarsa, da sifana mai awo, har ta yi ƙas. Ɗaurin "ai ya yi tauri" ba ya aiki a nan. Kuma kada mai walda ya ce bari ya ɗan ɗiga masa wuta don ƙarin ƙarfi. Huda bim ko walda a jikinsa, izinin injiniya ne.

Saura lissafin ƙasa. Igiya mita 1.8, jakar rage fizga da ke jikin igiyar ta warware kusan mita ɗaya, ga tsayin mutum, ga ratar da ake bari: sai an sami wajen mita biyar da rabi fayau a ƙarƙashin zoben. In bai kai ba, a koma igiya mai naɗe kanta. Kada kuma ma'aikaci ya yi nisa ta gefe, in ya faɗo lilo zai yi ya bugi ginshiƙi.

Kowace safiya a taɓa notin, a duba tsatsa, musamman da damina. Turken da ya taɓa tare faɗuwa, a kwance shi a sauko da shi ranar, ko da ido bai ga lanƙwasa ba.