Wane batiri ya kamata ka sa wa hannun gem ɗinka?

Assalamu alaikum 'yan gem. Wannan da kuke gani hannun Xbox ne, wanda wasu ke ce wa fad. Bari in juya bayansa in zare murfin. Kun ga gurbin nan? Batiri biyu yake ɗauka, irin waɗanda ake rubuta wa AA, na agogon bango. Tun daga Xbox 360 a 2005 har zuwa Series X da Series S na 2020, haka Microsoft take fitar da hannunta na yau da kullum: ta bar maka gurbi, kai ka san abin da za ka zuba a ciki.

Ni abin da ya sa na fara bincike a kan wannan, wani dare ne muna buga ƙwallo da ƙanena. Minti na 88, ɗaya da ɗaya, na samu fanareti. Ina shirin bugawa sai wasan ya tsaya cak, hannun ya mutu. Batiran kuwa da safen nan na saye su a shagon unguwa, masu arahar nan na rediyo. Ƙarshe dai sai da na ciro ɗaya daga agogon falo, ɗaya daga wata tsohuwar tocila. Fanaretin ban ci ba, da safe kuma Hajiya ta iske agogonta ya tsaya a ƙarfe goma sha ɗaya da kwata.

Masu arahar nan ba don hannun gem aka yi su ba. Agogo da rimot suna shan wuta kaɗan-kaɗan, shi kuwa hannu yana magana da na'ura ba waya, ga jijjiga, ga lasifikar kunne in ka jona. Batirin alkalin mai kyau, wato irin wanda ba a cajawa, a lissafin Microsoft, yana iya kai awa 40. To mu yi lissafi tare. In kana buga awa 3 a rana, duk mako biyu sai ka canza. A shekara ka zubar da batiri sama da 50 a shara. Kuɗin da ka kashe ya isa ya saya maka na caji da cajarsu har ka samu canji.

Saboda haka maganar yau a kan na caji ce, kuma tun yanzu zan faɗa muku inda na tsaya: batiran AA masu caji guda huɗu, irin da ake rubuta wa NiMH, da caja mai kyau. Biyu a cikin hannu, biyu a ajiye a cike.

Me ya sa? Ku tuna yadda wuta take mana. An kawo, an ɗauke, a tayar da janareta na awa biyu, ko a jira rana ta fito sola ya ɗauka. Wanda batirinsa ke manne da hannu, in ya mutu dole ya tsaya caji a lokacin. Mai batiri huɗu kuwa, duk sanda aka kawo wuta ya jona biyun da ke ajiye, in na ciki sun mutu ya zare ya sa waɗancan, cikin daƙiƙa goma ya koma wasa.

Ga nawa nan, fararen Eneloop. Kamfanin Sanyo na Japan ne ya fito da su a 2005, yanzu suna hannun Panasonic. Abin da ya bambanta su da tsofaffin batiran caji shi ne ba sa zubar da caji a ajiye. Na da, ka cika su ka jefa a durowa, bayan wata biyu ka dawo ka tarar sun yi sanyi. Waɗannan kamfanin ya ce suna riƙe kusan kashi 70 cikin ɗari ko bayan shekara 10. Fararen suna ɗaukar wajen 2000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka, ana iya cajinsu har sau 2100 a ƙiyasin kamfanin. Akwai baƙaƙe, Eneloop Pro, masu wajen 2500 mAh, amma su sau 500 ne, ga tsada. Ni farin na fi so. Ɗan ƙarin da baƙin zai ba ka ba shi da amfani ga wanda yake da biyu a ajiye.

Wani zai duba jikinsu ya ga an rubuta bolt 1.2, alhali alkalin 1.5 ne, ya ce ai an rage ƙarfi. Kwantar da hankalinka. Alkalin yana farawa da 1.5 ne amma tun daga awar farko yake gangarowa a hankali. NiMH kuwa yana tsayawa kusa da 1.2 kusan har ƙarshe. Hannun yana aiki da shi lafiya lau. Abin da kawai za ka lura, alamar batiri a allo wani lokaci ba za ta nuna a cike ba ko da yanzu ka ciro su daga caja. Alamar ce ta ruɗe, ba batirin ba.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Ku dubi wannan, an rubuta 4800 mAh da manyan baƙaƙe. Na saye shi a kasuwa lokacin ban san dawan garin ba. Batirin NiMH mai girman AA na gaskiya bai cika wuce 2700 zuwa 2800 ba, jikinsa ba zai ɗauki fiye da haka ba. Duk wanda ka ga ya zarce nesa, rubutu ne kawai. Ɗauki shi a tafin hannunka ma ka ji: na gaske yana da ɗan nauyi, kusa da giram 30, wannan kuwa sakayau kamar ba komai a ciki.

Caja ma a kula. Mai arha tana cajin batiri biyu-biyu, tana tura wuta ba ta san sun cika ba, har su yi zafin da ba ka iya riƙewa. Nemi wadda kowane gurbi yake da fitilarsa, ta yanke wuta da kanta in batirin ya cika. In ka samu mai shiga USB ka huta, don ko da fawa bank za ka cika su. Kuma kada wani ya ce maka in ka jona waya a hannun Xbox zai caja AA ɗin da ke ciki. Ba ya yi. Wayar za ta kunna hannun ne kawai.

Wanda waya take cajawa shi ne batirin da Microsoft take sayarwa daban, wanda ke zama a gurbin nan. Na Series yana zuwa da wayar USB-C mai tsawon kusan mita 3, kamfanin ya ce yana cika a ƙasa da awa 4, ya yi aiki har awa 30, kuma kana wasa yana caji. Ga wanda ba ya son buɗe murfi, yana da daɗi. Illarsa ɗaya: hannun Xbox kaɗai yake yi wa aiki. AA ɗina kuwa yau suna cikin hannu, gobe suna cikin tocila. Akwai kuma na wasu kamfanoni masu zuwa da teburin caji da nasu murfin. In za ka sayi irinsu ka tabbata murfin na hannunka ne, don na Xbox One da na Series ba ɗaya ba ne, ko da ido ya nuna maka kamar ɗaya.

Sai sabbin nan, AA na litiyom masu ƙofar USB-C a jikinsu. Suna ba da 1.5 daidai daga farko har ƙarshe, ba ka buƙatar caja. Amma da yawansu ba sa gargaɗi. Alama tana nuna a cike, kwatsam su ɗauke. Sannan lambar jikinsu yawanci mWh ce, wani ma'auni daban, ba mAh ba. In ka ga 3000 mWh, raba da 1.5, ka samu 2000 mAh, wato kusan daidai da farin Eneloop. Akwai kuma wani mai suna 14500, girmansa ɗaya da AA sak, amma bolt 3.7 ne. Wannan kada ya shiga hannunka, zai iya ƙona shi.

Na san masu PS, wato PlayStation, suna cewa mu fa? Ku Sony ta riga ta zaɓa muku. DualShock 4 na PS4 yana da litiyom 1000 mAh a rufe a ciki, DualSense na PS5 kuma 1560 mAh. Shi ya sa a shagon gem za ka ga hannayen PS4 duk a jone da waya, batirinsu ya daɗe da gajiya. Abin da ya rage muku shi ne lallaɓawa. A shiga saiti a rage ƙarfin jijjiga da hasken fitila, a sa hannun ya kashe kansa bayan minti 10 in ba a taɓa shi ba. A nemi doguwar waya mai kyau, ko a ajiye fawa bank kusa da kujera. Litiyom ba ya shiri da zafi, don haka a watan Afrilu kada a bar hannu a mota ko a bakin taga, kada kuma a bar shi a mace wata da watanni. In ya fara mutuwa cikin awa ɗaya, ba sai an sayi sabon hannu ba, mai gyara zai buɗe ya canza batirin, fulogi ne kawai a ciki. In kuwa ka ga bayan hannun ya kumbura, daina cajinsa daga ranar.

Mu koma kan namu huɗun. Kun ga na sa alƙalami na rubuta 1 a kan waɗannan biyun, 2 a kan waɗancan. Kowane biyu tare suke shiga hannu, tare suke shiga caja, don in ka haɗa tsoho da sabo, mai raunin ne zai fara ƙarewa, ɗayan ya ci gaba da matsa masa har ya lalace. Alkalin kuwa ba ya shiga caja ko da wasa, yoyo zai yi. In kuma za ka yi tafiya, zare su daga hannun, kada ka dawo ka tarar da farin garin nan da batiri ke fitarwa in ya yi yoyo ya cinye ƙarfen gurbin. Masu lamba 2 ɗin nan sun cika tun jiya, bari in sa su, ƙanena yana falo yana jira.