Mai Ihu da Mai Shiru a Filin Qigong

Ku dubi mutanen nan da ke tsaye a fili, idanu a rufe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Dattijuwar da ke gefe rangaji kawai take yi a hankali, ko numfashinta ba a ji. Saurayin da ke tsakiya kuwa sai bubbuga ƙirji yake, yana tsalle, can ya kurma ihu. Malaminsu ɗaya, darasinsu ɗaya.

Wannan shi ne Qigong, ana furta shi "cigong", motsa jiki da sarrafa numfashi na ƙasar Sin. Sashen da kuke gani sunansa zifa gong, wato motsin da ke zuwa da kansa: mutum ya gama atisayen da aka tsara, ya saki jiki, ya bar shi ya motsa yadda ya ga dama.

To, daga ina ihun yake fitowa? Likitancin gargajiyar Sin ya danganta kowace gaɓa ta ciki da sautinta: hanta da ihu, zuciya da dariya, saifa da waƙa, huhu da kuka, ƙoda da nishi. Don haka masu abin sukan ce mai ihu yana buɗe wata hanya ce da ta toshe a jikinsa. Wannan fahimtarsu ce. Amma akwai abin da ido ke gani ƙarara: motsi cikin taro yana yaɗuwa kamar hamma. Ɗaya ya yi ƙara, na kusa da shi ya ɗauka, mai shiru kuma ya fara zargin kansa cewa shi bai samu komai ba. Nan ne abin yake damuna, domin sai ya tilasta wa jikinsa abin da bai zo ba.

Sin ta ga irin wannan a shekarun 1980. Salon Qigong mai suna Hexiang Zhuang na malami Zhao Jinxiang ya cika lambunan shaƙatawa da masu birgima da kuka, a laccocin wani malamin Qigong, Yan Xin, ma jama'a sukan yi ta karkarwa a kujerunsu. Wasu suka kasa daina motsin har aka kai su asibiti, kuma a 1989 kundin rabe-raben cututtukan ƙwaƙwalwa na Sin ya sanya larurar da ke da alaƙa da Qigong a ciki.

Shi ya sa malamin kirki ba ƙarfin murya yake aunawa ba. Abin da yake dubawa shi ne, in an ce a tsaya, za ka iya tsayawa? Yakan ba masu tsalle wuri mai faɗi nesa da bango, ya gaya wa masu shiru cewa nasu ma daidai ne.

Ga shi yanzu ya ce a rufe darasin. Saurayin ya sassauta, ya ɗora tafukansa ƙasan cibiya, wurin da suke kira dantian. Dattijuwar ta murza hannuwa har suka yi ɗumi, ta shafa fuska, ta buɗe ido.