Yadda Shekara Ke Juyawa a Ƙasar Adar

Masu kallo, duk wanda ya fita bayan garin Tawa, a ƙasar Adar ta Nijar, a watan Afrilu ko Mayu ya san abin da ake kira bazara. Zafi yakan wuce digiri 40 da rana, ruwan rijiyoyi ya ja baya, dabbobi sun rame, idon kowa yana sama.

Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a wannan yanki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce ke busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara da ƙura da hazo, ta kawo ɗarin da ke sa a kwana kusa da wuta. Idan bazara ta yi nisa sai iska ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin tekun Atlantika. Duk da haka, shi hadarin daga gabas yake tasowa, kuma sau da yawa jar ƙura ce ke riga shi isowa, ta rufe gari kafin ɗigon farko ya sauka.

A garin Tawa ruwan shekara guda yawanci bai cika kai milimita 400 ba. Birnin Ƙonni da ke kudu ta fi samu, amma da an nufi Abalak da Cintabaradan sai ya ragu, har noma ya bar wa kiwo fili. Shi ya sa a 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa.

Sai dai a ganinmu, abin da ya fi yawan ruwan muhimmanci shi ne yadda ya rarrabu a cikin damina. Ana iya samun ruwan shuka a Yuni, manomi ya zuba irin hatsinsa, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, a koma neman wani iri, alhali rumbu ya riga ya yi ƙasa. A Agusta kuma, watan da ya fi kowanne ruwa, mamakon dare ɗaya kan sauka a kan fako, ƙasar da ta taurare ba ta sha, sai ya kwarara cikin koramu ya tafi da ƙasar noma. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa ɗaukar wannan magana da wasa.

Bayan waɗannan shekaru ne aikin tare ruwa ya kankama. A 1984 aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita da tallafin Italiya, a wajen Illela ta jihar Tawa kuwa manoma suka rungumi tassa da rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ake haƙawa don tare ruwa. Tassa ƙaramin rami ne da ake haƙawa a kan fako tun da rani, cikin tsananin rana, a zuba masa taki, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangare, domin idan ruwan farko ya sauka ya tsaya a gindin shuka.