Lacca: Me ya sa asibitin ƙauye yake kwana babu ungozoma?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamai, 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ɗalibai, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Duk inda aka zauna maganar ƙarancin ma'aikata sai kowa ya ce japa, wato guduwa ƙasar waje neman aiki, likitoci sun tafi Ingila, sun tafi Saudiyya, sun tafi Kanada. Gaskiya ne. A shekarar 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitocin da ke ƙasar nan wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fita cikin shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta sa Najeriya da Nijar da Ghana cikin ƙasashe 55 da bai kamata a zo ana ɗibar musu ma'aikata ba. To amma ni yau ba filin jirgi nake so mu kalla ba, tun kafin mutum ya kai can ai ya yi hijira sau biyu a cikin gida. Daga asibitin ƙauye ya nemi canji zuwa babban asibitin birni, daga na jiha ya tsallaka na tarayya saboda albashin ya fi, daga nan sai fasfo. Kuma duk wanda ya matsa gaba, gurbin da ya bari a can ƙasa yake fitowa, wajen matar da naƙuda ta kama ƙarfe biyun dare.

Na taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi suna ba, ma'aikaciya ɗaya ce, ita ce awon ciki, ita ce rigakafi, ita ce karɓar haihuwa da fitilar waya, babu ruwa sai an sayo a wajen mai garuwa, ga mijinta da yaranta suna birni. Wata takwas ta yi ta tafi. Wallahi ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

An gwada dabaru. A 2009 aka fito da shirin tura ungozomomi karkara, MSS, tarayya ta biya kasonta, jiha ta ƙara, ƙaramar hukuma ta ba da nata da wurin kwana. Tsari mai kyau, amma wurare da yawa jiha da ƙaramar hukuma ba su cika alkawari ba sai mata suka watse. A 2023 kuma wani ɗan majalisa ya kawo ƙudiri wai sai likita ya yi shekara biyar yana aiki a ƙasar nan kafin a ba shi cikakken lasisi. Haba jama'a! Mutumin da aka yi shekaru ana ba shi naira 5,000 a wata kuɗin haɗarin aiki, har lokacin korona, shi za a ɗaure da doka? Ko ka riƙe takardarsa zuciyarsa ta riga ta tafi.

Abin da na ga ya kama ƙasa shi ne shirin Women for Health da aka fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. A lokacin, masu shirin garin suke zuwa, a zauna da mai gari da liman da iyaye da mazaje, a zaɓo yarinya 'yar garin, ko matar aure ce, a ba ta shekara guda ta share fage ta gyara sakamakon kimiyyarta, sannan ta shiga makarantar nas ko ta ungozoma, har wurin renon yara aka yi wa masu goyo, da sharaɗin za ta koma gida ta yi aiki. Kun ga wannan ba baƙuwa ba ce, uwarta na nan, mijinta na nan, masu haihuwar ma ƙawayenta ne da matan yayyenta, kuma maigidan da ba zai yarda namiji ya duba iyalinsa ba, shi ne zai kawo ta wajenta da kansa.

Sai dai ita ma in ta gama a ɗauke ta aiki, kar a bar ta shekara uku tana aikin sa kai ana ce mata babu gurbi. Shugabannin ƙananan hukumomi da ke zaune a nan, don Allah ku ji ni: takardar ɗaukar aiki, albashi a kan lokaci, ɗaki mai ƙofa da makulli kusa da asibitin, sola da rijiyar burtsatse, sannan a haɗa ta da abokiyar aiki ko da ɗaya ce don ta samu ta yi barci. Waɗannan a hannunku suke ba sai an je Abuja ba.

Na ga ana min alama lokaci ya ƙure, to bismillah, a miƙa wa hajiya makirfon ta fara tambaya.