Sarkin Musulmi Bello da Alƙalamin Ƙanwarsa

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum. Daga nan Garwa, ga sharhinmu na yau.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, daga Marwa har Ngaundere, ya san tutar da Modibbo Adama ya zo da ita a 1809 daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓo ta. In ana ba da labarin wancan zamani a fada ko a zaure, dawaki da masu ake lissafawa, da garuruwan da aka ci. Ba a cika faɗin cewa gidan da tutar ta fito gida ne da mata ke wallafa littattafai ba. Shi kuwa wanda ya gaji Shehu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai ɗauki karatun matan gidansu a matsayin ado ba. Aiki ya ɗora musu, kuma aikin riƙon ƙasa.

An haifi Bello a 1781, ya hau mulki a 1817, ya yi shekara 20 yana kai. Shekarun nan ba na hutu ba ne. Gobirawa ba su haƙura ba, Kabawa na tayar da baya, Abzinawa na kawo hari daga arewa. Ya kafa garuruwan ribaɗi, wato garuruwan tsaro, a bakin iyaka, shi kansa ya koma Wurno da zama. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya yaransu su yi karatu, ya ƙarfafa sana'o'i, ya yi rubutu kan mulki da kan magani. Amma akwai matsalar da takobi ba ya warware ta. Garuruwa da ƙauyuka sun cika da mutanen da yaƙi ya shigo da su daular, kuma da yawansu mata ne. In ɗan ɗayansu ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta zo da gardama, wurin 'yan bori ta saba zuwa. A Gobir ma bori sarauta gare shi, Inna ce shugabarsa. Matan nan ba sa jin Larabci, malami namiji kuma ba zai kutsa musu cikin gida ba. To wa zai je?

Amsar tana cikin gidan. Nana Asma'u, ƙanwarsa ta wajen uba, an haife ta a 1793, wato ya girme ta da shekara 12. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ne Wazirin Bello kuma amininsa, don haka maganar mulki ba baƙuwa ba ce a tsakar gidanta. Tun 1822, lokacin da abokan gaba suka matso Sakkwato hankali ya tashi, wa da ƙanwa suka yi musayar waƙa da aka gina a kan haruffan ayar nan ta "fa inna ma'al usri yusra". Ku duba fa, sarki zai fita fagen daga, wadda yake aika wa baitoci yana jiran amsarta mace ce. Wannan ya nuna matsayin da take da shi a idonsa tun tana 'yar shekara ƙasa da 30.

Babban aikin da suka yi tare ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa. Bello ya wallafa Kitab al-Nasiha da Larabci, inda ya tattaro tarihin mata bayin Allah, tun daga matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, zuwa irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra. Ya san littafin Larabci a hannun malamai zai tsaya, sai ya miƙa wa Asma'u. Ta mayar da shi waƙa da Fulatanci a 1836, sannan da Hausa a 1837, wadda aka sani da Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A cikin waƙar, bayan waliyyan Gabas, akwai sunayen matan zamaninta, malamai da masu hidima da jama'a, waɗanda masu sauraro sun san gidajensu. Nan hikimar take. Matar ƙauye da ta ji an ambaci maƙwabciyarta a jeri ɗaya da Rabi'atu ta fahimci cewa ita ma ƙofa a buɗe take gare ta.

Waƙa ba ta tafiya da ƙafarta, sai an ɗauke ta. Daga nan ƙungiyar 'Yan Taru ta samo asali. Asma'u ta riƙa zaɓen dattijai mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, tana naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa ta naɗe da jan rawani. Malfar nan kuwa irin wadda Innar Gobir ke sawa ce. Ba ta tsaya zagin kujerar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta sauya mai zama a kanta. Jaji takan taho da ayarinta a ƙasa, yawanci 'yan mata da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka gama reno, don matan aure na fama da hidimar gida. Su zauna gaban Nana su haddace waƙoƙin tauhidi da na alwala da salla da tarihin Annabi, su koma gida su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a bakin turmi ko wajen kaɗi. Abin da suka kawo na sadaka, zuma ko man shanu ko hatsi, ana raba wa marasa lafiya da masu ƙaramin ƙarfi. Babu ginin makaranta, babu albashi, amma karatu ya shiga lungunan da alƙali da hakimi ba sa kaiwa.

Kada wani ya ce Bello ne ya ƙago wannan ra'ayi. Gado ya yi. Mahaifinsu a Nurul Albab ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan ɗaki. Tun kafin jihadi, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki Shehu kan barin mata suna halartar wa'azinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da martani cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. Abin da Bello ya ƙara shi ne ƙarfin gwamnati. Wa'azi daban, sarki ya ware lokacinsa ya rubuta littafi don mata ya kuma nemi mace ta isar da shi daban.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Daular nan ta yi bayi, kuma mu nan kudancinta mun fi kowa sani, don ayarin da suka riƙa fita daga Ngaundere zuwa ƙasar Baya da Laka ba karatu suke kaiwa ba. Cikin masu sauraronmu akwai jikokin waɗanda aka kamo. Wasu daga cikin matan da aka koya wa waƙoƙin Nana kuyangi ne da ƙwaraƙwarai, kuma haddar ba ta fitar da su daga bauta ba. Ita kanta Asma'u ta san mulki na iya karkacewa. Shi ya sa ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke yi wa azzaluman sarakuna da alƙalai masu cin hanci da masu bautar da 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, gargaɗin wuta. Ba a yin irin wannan gargaɗi sai an ga alamar laifin.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Asma'u ta yi masa marsiya, ta kuma rubuta wata waƙa kan halayensa. Ta rayu bayansa har 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru a Wurno, har Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903 tsarin bai mutu ba. Ya daɗe fiye da daular da ta haife shi.

Yanzu mu dawo gida. Tun 2000 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare a Kamaru, amma ku zaga kasuwar Garwa ko tashar mota a Marwa da hantsi, ku ƙirga 'yan mata masu farantin talla. A Mayo Sava da Mayo Tsanaga, rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama, kuma in iyali suka yi gudun hijira, karatun 'ya mace ake fara sadaukarwa. Har yau akwai mai cewa addini ne ya hana. To shi Bello da ya yi littafi don mata, addinin wa yake bi?

A unguwanninmu akwai malamai mata da ke tara matan aure bayan la'asar ko bayan isha'i, a zaure ko a ƙarƙashin rumfa, ba mai biyansu sai Allah. Su ne jajin wannan zamani. Tambayarmu ga masu martaba lamidai, Allah ya ja zamaninku: ranar da ake naɗe-naɗe ana raba alkyabba da rawani, malama nawa ake kira fada? In za a yi shawara kan auren yarinya ko kan makarantar da aka rufe, akwai mace mai ilimi a cikin masu ba da shawarar?

Waƙoƙin Nana da Hausa da Fulatanci suke, harsuna biyun da ake ciniki da su kullum a kasuwanninmu. Fulatancin Sakkwato ya ɗan bambanta da namu na Adamawa, amma ba bambancin da zai gagari modibbo ba ne. Duk malami ko malamar da ke da kwafinsu na ajami a gafaka, muna roƙo ya kawo mana nan gidan rediyo, za mu ware lokaci a rera su a yi bayaninsu baiti-baiti.

Wassalamu alaikum.