Darasin Gareji: Zafin Man Giya Idan Kana Jan Kaya da Otomatik

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Suame Magazine nake magana, a nan Kumasi, shi ya sa kuke jin ƙarar guduma a bayana. Darasin yau na masu otomatik ne da ke jan kaya a baya. Ko dai motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, irin wadda ake ginawa a kan Ford E-450 ko Sprinter, ta janyo ƙaramar mota, ko kuwa fikof ce da tirelar janareta ko tankin ruwa. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin zafi ne ke kashe musu giyabos.

Ku matso ku ga wannan ƙarfen mai kama da ƙwarya biyu a kife. Shi ne kombata, yana zaune tsakanin inji da giyabos. A motar hannu kuloci ne ke haɗa su, a nan kuwa mai ne. Inji na juya fanka ɗaya, ita ta watsa mai, man ya tura ta biyun. Idan kaya ya yi nauyi, ta farkon tana gudu, ta biyun tana jan ƙafa, kuma duk ƙarfin da ya ɓace a tsakaninsu zafi yake komawa, cikin man. A miƙaƙƙiyar hanya akwai wani ɗan kuloci a ciki da ke kulle su su juya tare, sai zafin ya sauka. Da ka fara hawa, ko ka shiga cunkoson Kejetia kana tafiya kana tsayawa, kullen ya sake.

To ga lambobin, mai biro ya rubuta. Daga digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, man yana cikin jin daɗinsa. Da kaya a baya, a kan hawa, ya taɓa 100 ko 105 na ɗan lokaci, ba komai, muddin zai sauko idan hanya ta miƙe. Idan ya kai 110 yana ci gaba, fara neman wurin tsayawa. Wajen 115 man yakan fara ƙonewa yana barin dauɗa mai danƙo a cikin ƙananan hanyoyin giya. Wajen 125 robobin sil suna taurarewa, mai ya fara zurarewa ta ciki, ƙarfin matsi ya ragu. Ya doshi 145 kuwa, farantan kuloci na zamewa ke nan, sai dai a sauke giyabos. Tsohon lissafin makanikai shi ne, daga 80 zuwa sama, kowane ƙarin digiri 11 yana raba kwanan man gida biyu. Man zamani na sintetik ya fi wannan juriya, wasu sabbin motocin ma an ƙera su ne su zauna kusa da 100, don haka littafin motarka shi ne alƙali. Amma ni dai ban yarda direba ya saba da ganin 115 ba, ko wane irin mai ya zuba.

A kula da wani abu. Motocinmu da yawa daga Amurka suke zuwa ta tashar Tema, kuma da Farenhait suke magana. Ka ga 200 a dashbod kada gabanka ya faɗi, 93 ke nan a namu. 220 shi ne 104, 240 kuma 116.

Yanzu ga inda direbobi ke ruɗuwa, kuma wallahi abin yana damuna. Mutum ya kafa wa allurar zafin inji ido, ya ga tana tsakiya, ya ce lafiya lau. Ɗan'uwa, ruwan lagireto take aunawa. Man giya zai iya haura 120 ita ba ta motsa ba. Idan motarka ba ta nuna zafin giya, akwai wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, OBD2, yawancin motocin Amurka daga 1996 suna da ita. Ka sami 'yar na'urar da ake sokawa a cikinta, ta haɗu da wayarka, a motoci da yawa za ta karanto maka zafin. In ba ta karanta ba, a ɗaura maka geji na daban. Ka kuma tambayi inda aka sa sensa, don man da ke fitowa daga kombata ya fi na cikin farantin ƙasa, inda mai ke taruwa a ƙasan giyabos, zafi, lambobin da na bayar kuwa na farantin ne.

Sai tuƙi. Ka baro Nkawkaw za ka hau dutsen Kwahu, ko ka nufi hawan Mampong a hanyar Ejura. Kada ka bar ta a D kana danna totur tana ta canje-canje, ta hau ta sauko. Danna Tow/Haul, maɓallin jan kaya, idan akwai, ko ka kashe O/D, wato giyar sama, ko ka mayar da ita 3 ko 2 da hannunka tun kafin hawan ya kama. Inji zai ɗaga murya, ƙyale shi. Juyinsa ne ke ƙara gudun famfon mai da na ruwa, kombata kuma ya rage zamewa. Haka a gangara, giyar ƙasa ta riƙe maka nauyin, birki ya huta.

In ya yi zafi fa? Ka sauka gefen hanya inda babu haɗari, ka sa P, ka ja birkin hannu, ka bar inji yana aiki. Kada ka kashe. Da ka kashe, famfo ya tsaya, man ya kwanta a ciki da zafinsa. Ka jira ya sauko ƙasa da 95 kafin ka tashi.

Yaro, kawo kyamarar nan kusa. Ga farar takarda, ga ɗigo uku. Na farko ja ne garau, kana hango takardar ta cikinsa, sabo ke nan. Na biyu ya koma ruwan ƙasa amma bai yi wari ba, lokacin canji ya yi. Na ukun, ku duba, baƙi ne, har da ɗan ɓarɓashi, kuma da kuna nan da kun ji ƙauri. Wannan ya riga ya ci kuloci. Idan kuma ka zaro sandar duba mai ka ga man ya yi kauri, launinsa ja-ja fari-fari, to bututun giya da ke ratsa lagireto ya fashe, ruwa ya shiga. Kada motar ta ƙara ko taku ɗaya.

Mai jan kaya kullum, musamman mai hanyar Tamale da Bolga a zafin Maris da Afrilu, ya ƙara ƙaramar kula, wato na'urar sanyaya man giya, a gaban lagireto. A haɗa ta yadda man zai fara bi ta lagireto, sannan ya shiga kular, sannan ya koma giyabos. A wanke ƙurar da ta toshe haƙarƙarin lagireton, a tabbata fanka na kamawa. Wajen zuba mai kuma a bi abin da aka rubuta, Mercon LV ne, Dexron VI ne, ko WS na Toyota, don ba kowane jan mai ne ke shiga kowace giya ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗaura kular a kan fikof ɗin nan a gabanku, ku ga inda kowane tiyo yake shiga.