Wa Ya Rufe wa Koci Eddie Robinson Ƙofa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa.

A makon jiya da muka taɓo tarihin masu horar da 'yan wasa a jami'o'in Amurka, na ambaci Eddie Robinson na Jami'ar Grambling. Ba mu kai ga rufe shirin ba sai ga saƙon wani mai sauraro, wanda da gani yana bin wasan sosai. Ya ce wai in daina zuzuta mutumin, domin nasarorinsa 408 a kan ƙananan makarantu ya tara su, bai taɓa gwabzawa da manya irin su Alabama ba. Malam, na karanta saƙonka, kuma tun ranar maganar take ci mini rai. Tambaya ɗaya ce da ni: wa ya rufe ƙofar?

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ƙwallon ƙafar Amurka nake nufi, wadda ake runguma a gudu da ita, mai siffar ƙwai, 'yan wasa sanye da hular kwano. A can jami'o'i ne matattarar wasan, daga nan ƙungiyoyin ƙwararru na NFL suke ɗiban mutane.

An haifi Robinson a 1919 a jihar Luwiziyana. Mahaifinsa manomi ne mai noma gonar wani a raba amfani, mahaifiyarsa 'yar aikin gida. Ya gama Kwalejin Leland, bai sami aikin koyarwa ba, ya ɓuge da aiki a injin niƙa abincin dabbobi a Baton Rouge. A 1941 shugaban wata 'yar makarantar baƙar fata a garin Grambling, Ralph Waldo Emerson Jones, ya ɗauke shi koci a kan dala 63 da santi 75 a wata. Shekarun Robinson 22 a lokacin. Bai bar wannan aiki ba sai 1997.

Ku tsaya ku ji abin da ake kira koci a wancan wuri. Shi ne mai zana layukan fili da hannunsa. Shi ne mai ɗaure wa yara idon sawu da bandeji kafin wasa. In an tashi, shi zai zauna ya rubuta labarin wasan ya aika wa jarida, don babu ɗan jaridar da zai tako. In za a yi tafiya sai ya haɗa wa yaransa burodi su tafi da guzuri, saboda gidajen abincin da ke kan hanya a kudancin Amurka ba sa sayar wa baƙar fata. Da asuba kuma ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai riƙe da ƙararrawa irin wadda ake rataya wa shanu, yana kaɗawa ƙofa-ƙofa, har sai kowane ƙato ya tashi ya karya kumallo ya nufi aji. Da wannan hali, a kakarsa ta biyu, 1942, ƙungiyarsa ta ci wasanninta tara duka, kuma babu wanda ya ci ta ko maki ɗaya.

To, Malam mai saƙo, a 1942 da wa kake so ya buga? Doka da al'adar wariyar launin fata sun hana yaransa shiga jami'o'in fararen fata, sun hana su taka fili ɗaya da su. Alabama ɗin da kake kafa hujja da ita ba ta saka ɗan wasa baƙar fata a fili ba sai 1971, lokacin Robinson ya shekara 30 yana aiki. Babbar jami'ar jiharsa, LSU, ba ta taɓa karawa da Grambling ba sai 2023, shekara 16 bayan rasuwarsa. Eh, na sani, LSU ta lallasa su a ranar. Amma Grambling ɗin da aka riga aka yashe ce. An kulle mutum a ɗaki, an jefa makulli a rijiya, sannan a zo ana tuhumarsa da ƙin fitowa dandali. Wa ya rufe ƙofar?

Kuma wai ƙananan makarantu. Ƙanana a kuɗi da gine-gine, wannan gaskiya ne. Amma ina ƙwararrun yara baƙar fata na kudu suke zuwa a shekarun 1950 da 1960 in ba irin waɗannan makarantu ba? Ai nan suka taru, tunda ba su da wani wurin. Sama da 'yan wasa 200 ne suka fita daga hannun Robinson suka shiga wasan ƙwararru. Tank Younger, da ya tafi Los Angeles Rams a 1949, shi ne na farko daga jami'ar baƙar fata da ya shiga NFL. Buck Buchanan, Willie Davis, Willie Brown da Charlie Joiner, su huɗun suna zauren girmama gwarzayen wasan da ke Canton a jihar Ohayo. Masu ƙungiyoyin NFL 'yan kasuwa ne, ba sadaka suke rabawa ba. Da yaran nan ba su iya ba, ko sisi ba za su biya ba.

Sannan akwai matsayin da ake kira kwatabak, wato jagoran hari, mai jefa ƙwallo, mai karanta fili. An daɗe ana raya cewa baƙin mutum ba shi da kwanyar riƙe wannan wuri. Robinson bai tsaya cacar baki ba, horarwa ya yi. Ɗalibinsa James Harris ya buɗe kakar 1969 a matsayin kwatabak na Buffalo. Wani ɗalibin nasa kuma, Doug Williams, a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, a watan Janairun 1988, ya jagoranci Washington ta casa Denver 42 da 10, aka zaɓe shi gwarzon wasan, baƙar fata na farko da ya ci kofin daga wannan matsayi. Ɗan ƙaramar makarantar taka ke nan!

Da aka ɗan buɗe ƙofar ma ai an gani. Nasararsa ta 323 a 1985, wadda ta daidaita shi da tsohon kocin Alabama Bear Bryant a yawan nasarori, a kan Oregon State ya same ta, jami'ar da ke babban rukuni. Mako guda bayan nan ya doke Prairie View a Dallas ya wuce Bryant.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Ni a ganina ya daɗe fiye da kima. Kakanninsa uku na ƙarshe duk shan kashi ya fi nasara yawa, har aka fara matsa masa ya sauka, aka ƙyale shi ya yi 1997 ta bankwana, Doug Williams ya gaje shi. Tsufa ya taɓa shi, daga baya cutar mantuwa ta kama shi, ya rasu a watan Afrilun 2007 yana da shekara 88. Amma ko wannan koma-bayan ku binciki asalinsa. Da wariya ta kau, manyan jami'o'i masu kuɗi da talabijin suka zo suka kwashe yaran da a da hannunsa za su faɗa. Yaran suka ɗauka, kocin suka bari. Gasar SEC, inda Alabama da LSU suke, ba ta sami babban koci baƙar fata ba sai da Mississippi State ta ɗauki Sylvester Croom a ƙarshen 2003, shekara 6 bayan Robinson ya ajiye usur.

Don haka, Malam, in za ka sake turo saƙo, kuma ina maraba da shi, kada ka tambaye ni dalilin da Robinson bai doke Alabama ba. Turo mini shekarar da Alabama ta gayyace shi ya ƙi zuwa, ni kuma zan karanta a nan kowa ya ji.